Daga kwamfuta zuwa tarihi: abin da za ka duba kafin ka sa hannu

Wani ɗanmu daga Zariya ya rubuto daga Amurka. Yana shekara ta biyu a jami'a da bizar ɗalibta ta F-1, ya shiga da niyyar karanta kimiyyar kwamfuta, amma zuciyarsa ta tafi wajen tarihi. Tambayarsa uku: waɗanne darussa zai zaɓa, canjin zai taɓa takardunsa, kuma me zai ce wa mahaifinsa da ya sayar da fili don ya biya masa kuɗin makaranta?

Ɗana, son tarihi ba laifi ba ne, kuma ba ragwanci ba ne. Amma bari in fara da takardu, don nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa da sauƙi.

A kowace jami'ar da ke karɓar ɗaliban waje akwai jami'in da ake kira DSO. Shi ne mai kula da takardun ɗaliban waje, shi ya sa hannu a takardarka ta I-20, wato shaidar ɗalibtarka da jami'a ta ba ka don biza, kuma a jikin takardar an rubuta fannin da kake karantawa. Ranar da ka canza babban fanninka, sai ya sabunta maka ita. Ka je wurinsa kafin ka cike fom ɗin sashe, ba bayan ka cike ba. Sannan doka ta ce ɗalibin digirin farko mai F-1 kada ya yi ƙasa da kiredit 12 a zango (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), kuma a cikin 12 ɗin nan darasin intanet guda ɗaya kawai, na kiredit 3, ake ƙirgawa. Na taɓa zama da wani yaro a ɗakina yana riƙe da wasiƙa hannunsa na rawa. Lissafi ya yi masa tsauri a tsakiyar zango, ya danna maɓalli ya ajiye darasin, ya sauka zuwa kiredit 9 ba tare da ya gaya wa kowa ba. Malamin sashensa ya ce masa ba komai, kuma ta fuskar karatu gaskiya ya faɗa. Ta fuskar shige da fice kuwa izinin zamansa ya lalace, aka yi watanni ana fama. Kada ka ajiye ko darasi ɗaya sai DSO ya amince.

Abu na biyu shi ne aiki bayan kammalawa. Izinin yin wannan aikin, wanda ake kira OPT, wata 12 ne ga kowa, amma masu digirin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi suna iya ƙara wata 24 a kai. Mai digirin tarihi zalla shekara ɗaya ce tasa, dole aikin ya danganci abin da ya karanta, kuma ba a yarda ya wuce kwana 90 babu aiki ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Shi ya sa ban ga dalilin da za ka zubar da shekara biyu ta kwamfuta ba. Yawancin digirin farko a can kiredit 120 ne, babban fannin tarihi kuma a jami'o'i da yawa bai cika wuce talatin da 'yan kai ba. Ka zauna da mai ba da shawara na sashe, ku lissafa ko za ka iya haɗa manyan fannoni biyu. Idan kwamfuta ta zauna a I-20 a matsayin babban fanni, ƙofar ƙarin wata 24 tana nan, muddin aikin da ka samu na wannan ɓangaren ne. Idan ka mayar da ita ƙaramin fanni, ƙofar ta rufe. Ka tambaya kuma ko haɗin zai ƙara maka zango, don zango ɗaya a can kuɗin gona ne.

Yanzu ga darussan. Abin da ke kayar da ɗaliban tarihi da adabi da falsafa shi ne tsinke-tsinke: yau Girka ta dā, gobe fim, jibi juyin juya halin Faransa, a ƙarshe an ɗanɗana komai ba a ƙoshi da komai ba. Ka ɗauki darasin hanyoyin bincike da wuri, wanda ake koya maka yadda ake karanta tsohuwar takarda a gane wa ya rubuta ta da abin da ya ɓoye. Ka nemi ƙananan azuzuwa da ake rubuta doguwar maƙala malami ya yi mata jan biro, ko da maki ya fi wuya a can. Malamin da ya karanta rubutunka shafi ashirin shi ne zai iya rubuta maka takardar shaida mai nauyi idan za ka digiri na biyu.

Sai harshe, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Kai da ka yi allo, ka san baƙi da wasali, kana da abin da abokan ajinka za su yi shekaru suna nema. Ka ɗauki Larabci zango huɗu a jere, ko Faransanci idan hankalinka na wajen Damagaram da Maraɗi. A ɗakin karatu na Herskovits da ke Jami'ar Northwestern, a Evanston, akwai tarin rubuce-rubucen hannu da Malam Umaru Falke na Kano ya tara. Jami'ar Boston ta daɗe tana ɗaukar hoton rubutun ajami tana sakawa a intanet. A gida ga Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duka a Kaduna. Mutumin da ya iya karanta ajami kuma ya iya tsara rumbun bayanai a kwamfuta, irin wuraren nan nemansa suke. Wallahi ina jin takaici idan na ga takardun kakanninmu suna jiran wanda zai karanta su, 'ya'yanmu kuwa suna ganin abin da suka koya a tsangaya ba ya cikin lissafi.

Idan gida za ka dawo, ka adana takardar sakamakon kowane zango. Masu digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsu kafin hidimar ƙasa, kuma koyarwa a sakandare tana buƙatar difilomar koyarwa ta PGDE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

Maganar Baba kuwa, kada ya ji ta a bakin wani. Filin da ya sayar ya ba shi haƙƙin a yi shawara da shi kafin a yanke. Ka bari sai ka ga DSO da mai ba da shawara, ka rubuta lissafinka a takarda ɗaya: darussan da suka rage, shekarar gamawa, kuɗin da zai ƙaru in akwai, da aikin da kake hange. Ka kira shi ranar da ba ya gaggawa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, shawara na kawo." Idan akwai kawu ko malamin da yake jin maganarsa, ka fara sanar da shi, ya kasance yana kusa ranar da za ka buga wayar.