Yarana suna ɗoki kuma suna tsoro: in bar su su yi iyo da kifin shak?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Mabera a Sakkwato. In Allah Ya yarda za mu Dubai da hutun makaranta, kuma maigida ya ga wurin wasan ruwa inda ake sa wa yara gilashin fuska da bututun numfashi, su yi iyo a tafkin da kifin shak yake ciki. Babbar shekararta 10, ta ɗan iya ruwa. Ƙaramin 7, ko kai ake wanke masa sai ya yi kuka. Babansu ya ce da an tura su ciki tsoron zai fita. Akwai hatsari? Yaya zan shirya su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba kifin ne ya fi ɓata wa yara wannan rana ba. Gilashin ne, da bututun, da sanyin ruwa.

Amma bari mu fara da kifin, tunda shi ke hana ki barci. Nau'in shak ya haura 500, kuma waɗanda ake bari mutane su yi iyo a samansu ba su ne na cikin finafinai ba. Akwai mai baƙin tabo a bakin fiffike, wanda bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma shi ma gudun mutum yake yi. Akwai mai ɗigo-ɗigo da ke wuni kwance a ƙasa, abincinsa ƙaguwa da dodon koɗi. Ana ciyar da su a kan lokaci, ma'aikata kuma suna cikin ruwan. Duk da haka dabba dabba ce: ba a taɓawa, ba a bi, ba a miƙa hannu. Fatarsa kaɗai tana da kaushi kamar samfefar kafinta.

Ki tabbatar da wane irin shiga kuka biya wa. A otal ɗin Atlantis da ke tsibirin Palm Jumeirah akwai tafki mai ɗaukar ruwa kusan lita miliyan 11 inda ake shawagi a sama, akwai kuma tafiya a ƙasan ruwa da hular kwano mai iska. A babban tankin kifi na katafaren kantin Dubai Mall ana shiga cikin keji, domin manyan shak masu haƙora a waje suna cikin tankin. Yaro mai tsoro, na sama ya dace da shi. Hular kwano tana matsa kunne. Kowane wuri yana da ƙa'idarsa ta shekaru da iya ruwa, ki karanta kafin kuɗi su fita.

Aikin gaske a gida yake, kamar mako 2 kafin tafiya. Ki sayi gilashi da bututu na yara, ba na manya ba. Bututun babba ya yi wa huhun yaro faɗi: iskar da ya fitar ba ta gama fita, sai ya sake shaƙarta, daga nan haki da ciwon kai. Gwajin gilashi kuwa sauƙi gare shi. Ki ɗora masa a fuska ba tare da kin sa igiyar ba, ya ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne bai faɗo ba, daidai ne. In ya faɗo, ƙara ɗaure igiya ba zai gyara ba, sai ma ya lanƙwasa robar ruwa ya ƙara shiga.

Kwana 2 na farko ba ruwa. Ya sa kayan yana zaune a ɗaki na minti 5, yana numfashi ta baki kawai, domin gilashin ya rufe hanci kuma wannan ne abin da yara ke jin baƙonsa. Sai babban baho a tsakar gida: ki jefa cokali ko 'yan kwabbai a ciki, ya durƙusa ya tsoma fuska yana ƙirga su, daga daƙiƙa 10 har minti 1. Nan za ki koya masa abu mafi muhimmanci. Ki zuba ruwa kamar cokali ɗaya a bututun da saninsa, ya hura da ƙarfi sau ɗaya, «tuu!», ruwan ya fita. Bayan haka sai wurin ninƙaya na otal, inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, da babba a gefensa. Kada a yi gwajin a gulbin Rima ko madatsar Goronyo. Ban da zurfi, akwai tsargiya.

Ga yadda ruɗewa ke faruwa. Kifi ya gitta ta ƙarƙashin cikin yaro, ya sunkuyar da kai sosai don ya bi shi da kallo, bakin bututun ya nutse, ruwan gishiri ya cika masa baki. Sai tari, sai ya cakumi wuyan wanda ke kusa. Maganinsa ya riƙa kallon gaba-gaba, ba ƙasan ƙirjinsa ba. In ruwa ya shiga kuma hurawa ta gagara, ya tofar da bututun, ya juya rigingine, rigar ceto za ta riƙe shi. Ku maimaita wannan juyin har ya zama wasa. Rigar ta matse daidai: in kin ja kafaɗunta sama ta kai kunnensa, ta yi yawa.

Ki gaya musu tun a gida cewa ta cikin gilashi komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma ƙara matsowa. Ki nuna musu da cokalin cikin bahon, gani ya kori ji.

Sanyi ma abin lura ne ga yaron da ya saba da zafin Sakkwato mai haura digiri 40. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma tafkin kifi ba a ɗumama shi don jin daɗin mutane. Ku karɓi rigar roba mai kama jiki in ana bayarwa. Leɓe ya fara kaɗawa ko ya canza launi, a fito. In ɗayansu yana da sikila, asma, farfaɗiya ko ciwon kunne, sai likitansa ya amince. Sanyi na iya tayar da sikila.

Maganar Alhaji kuwa, da girmamawa, ba mu goyi bayanta ba. Yaron da aka tura da ƙarfi yana haki, yana dukan ruwa, kuma kwanciya shiru ake buƙata a nan. Babbar za ta iya, in ta bi matakan. Ƙaramin sai ya ci jarrabawar baho da ta wurin ninƙaya. In bai ci ba, ya kalli yayarsa ta bayan gilashin tankin. Ku yi yarjejeniya da alama guda, misali ɗaga hannu, wadda in an yi ta za a fito ba faɗa ba gori. Babba ɗaya ga yaro ɗaya, hannu cikin hannu.

Ranar, a ci abinci mara nauyi awa 1 ko 2 kafin shiga, a cire 'yan kunne da awarwaro masu ƙyalli. Ke da 'yarki, kayan iyo masu rufe jiki sun fi doguwar riga ko hijabi mai yawo, wanda ke yin nauyi yana naɗe ƙafa. Ki duba kada bakin hula ko silin gashi ya shiga ƙarƙashin robar gilashi, nan ruwa ke bi. Gashin bakin Alhaji ma haka yake yi. Ɗan man Vaseline a ƙarƙashin hanci yana rage yoyon.