Amsa Ga Yaron Shago Kan Murjanin da Ya Ƙi Buɗewa

Ɗana, ka aiko cewa murjanin nan mai rai, halittar teku mai laushi mai faɗin kai, wanda ke cikin tankin gilashin da na damƙa maka a Birnin Kebbi, ya janye 'yan bakunansa kwana uku ke nan, jikinsa yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, kana neman sanin maganin da za ka zuba. Ba za ka zuba komai ba. Wannan irin, wanda masana ke kira Sarcophyton, yakan rufe na 'yan kwanaki ya yi saɓa, ya yar da wata siririyar fata tare da dattin da ya maƙale masa, sannan ya sake buɗewa da kansa. Ka karkata famfon motsa ruwa yadda ruwan zai bi ta kansa ya kwashe saɓar, ka kuma sabunta gawayin tacewa, domin wannan irin yana fitar da sinadaran da ke takura wa maƙwabtansa. Batun tsayar da gishirin ruwan a kan 1.025 a ma'aunin gishiri da cika tanki da tataccen ruwa mara gishiri idan ya ƙafe kuwa, ba zan ɓata bakina ba; wanda bai san wannan ba, gara ya koma kiwon tarwada.

Wannan rawar jiki ta zuba magani ita ce ta fama mini tsohon miki. Akwai wani attajiri a Gusau da na haɗa wa tanki a falonsa, na yi odar murjanin ta Legas, na yi ta fama da kula da ƙanƙara a hanya har suka iso da rai, bisa yarjejeniyar ya biya rabi, sauran kuma bayan tanki ya zauna. Da fararen ɗigo suka fito a jikin kifayensa, maimakon ya kira ni, sai ya aiki direbansa ya sayo maganin ɗigon kifi mai ɗauke da jan ƙarfe, aka tuttula. Jan ƙarfe kuwa, adadin da kifi zai jure ya warke, shi ne ajalin murjani da dodon koɗi da jatan lande, kuma yana shiga cikin duwatsu ya riƙa fitowa a hankali. Bai tsaya nan ba: a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da garin yake haura digiri 40, yana kashe na'urar sanyaya ruwa da dare don batirin sola ya ishi ɗakin barcinsa. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26. A cikin naman jikinsa akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke sarrafa haske ta ciyar da shi, idan zafi ya yi yawa sai ya kore ta, ya koɗe, yunwa ta ƙarasa shi.

Ranar da na je, tun daga ƙofar falo ƙarni ya tare ni. Xenia, wata irin murjani mai laushi wadda na bari tana buɗe yatsu tana dunƙulewa, ta narke ta zama yauƙi a kan dutse. Na tambaye shi ko an zuba wani abu, ya rantse babu, alhali kwalbar tana cikin durowar da ke ƙarƙashin tankin, saura rabi. Ƙarshe ya ce na sayar masa da kaya masu ciwo, ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma bi majalisu yana ɓata mini suna. Duwatsun ma zubar da su na yi.

Ku yaran yanzu kuna kallon tankunan Turawa a waya, kuna son naku ya yi haka cikin mako guda, da kwalba a hannu. Ka auna zafin ruwan da azahar da kuma tsakar dare, ka tambayi masu aikin gidan ko an kashe wani abu ko an fesa maganin sauro kusa da tankin. Idan za ka sa hannu a cikin tankin, ka sa safar roba da tabarau, domin 'yan murjanin nan masu kama da maɓallai da ke gefen hagu Palythoa ne, wasunsu na da dafin da ke shiga ta rauni ko ido, kuma kada ka kuskura ka tafasa dutsen da suka taɓa zama a kai, turirinsa kaɗai yana kwantar da mutanen gida. Idan murjanin naka ya cika mako bai buɗe ba, ko ka ga gindinsa ya fara baƙi yana ruɓewa, to ka kira ni.