Tambaya da Amsa: Wanda ya rubuta Oliver Twist maraya ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ce a Garwa, karatuna na boko bai yi nisa ba. 'Yata da ke lise, wato sakandare, ta kawo littafin Oliver Twist na Faransanci, da dare ina ɗinki tana karantawa tana juya mini da Hausa. Da muka kai inda yaron ya miƙa kwano yana roƙon ƙarin kunu, sai na ce wallahi wanda ya rubuta wannan maraya ne, ya san yunwa. Ita kuma ta ce ba haka ba. A raba mana gardama.
Daga wata uwa a Garwa

Amsa: Hajiya, 'yarki ce da gaskiya, amma ke ma kin hango wani abu. Charles Dickens, wanda ya rubuta littafin, da uwarsa da ubansa ya tashi. An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1812, a Portsmouth, garin jiragen ruwa a kudancin Ingila. Mahaifinsa John akawu ne a ofishin da ke biyan sojan ruwa albashi. Albashi mai kyau yake ɗauka, sai dai irin mutanen nan ne da kuɗi ba ya kwana a hannunsu. Kin san irinsu, muna da su a kowace unguwa: riga mai kyau, baki mai daɗi, bashi har wuya.

A 1824 bashin ya kai shi gidan yarin Marshalsea a Landan, domin a Ingilar wancan zamani ana ɗaure mutum saboda bashi. Matarsa da ƙananan yaran suka tare can ciki tare da shi. Charles kuwa, yana da shekara 12, aka bar shi a ɗakin haya shi kaɗai, aka sa shi aiki a wani kamfanin man goge takalmi a bakin kogin Thames. Wuni guda yana liƙa takarda a jikin kwalaben man, a mako a ba shi sule shida. Da wannan zai ci abinci. Ranar Lahadi ya tafi gidan yari gaishe da iyayensa.

Abin da ya fi ci masa rai ya zo ne daga baya. Bayan an saki uban, ya cire yaron daga aikin don ya koma makaranta, sai uwar ta nemi a mayar da shi. Na sha tunanin matar nan. Wataƙila sulen shida take dubawa, gida ba hatsi. Na koyar shekaru a Marwa, na ga iyaye mata da yawa sun cire yaro daga aji sun ɗora masa tiren talla, ba don ba sa sonsa ba. Shi dai Dickens bai manta mata ba har ya girma. Ya ɓoye zancen kamfanin nan, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Amininsa John Forster ya faɗa wa, shi ne ya bayyana a tarihin da ya rubuta bayan rasuwarsa.

To kin ga inda kunun Oliver ya samo asali. Littafin ya riƙa fitowa kashi-kashi kowane wata a mujalla daga 1837 zuwa 1839, mutane suna jira kamar yadda muke jiran wasan kwaikwayon rediyo. Yana sukar gidajen da gwamnati ke tara matalauta a ƙarƙashin dokar 1834, inda ake ba su abinci kaɗan da gangan don kada wani ya yi sha'awar shiga. Uban Dickens ma bai tsira ba: Micawber na cikin littafinsa David Copperfield, mai bashi da dogon surutu, shi ne aka sāke wa suna. Littafinsa Little Dorrit kuma a cikin Marshalsea ɗin aka kafa shi.

Tunda iyali kika taɓo, ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Ya auri Catherine Hogarth a 1836, ta haifa masa 'ya'ya goma. A 1858, bayan ya haɗu da wata yarinya 'yar wasan kwaikwayo mai suna Ellen Ternan, ya rabu da ita, har ya buga bayanin rabuwar a mujallarsa kowa ya karanta. Babban ɗansu kaɗai ya bi uwar. Sauran suka zauna gidan uba, ƙanwar Catherine tana riƙe da su. Mutumin da ya sa Ingila kuka a kan yaron da aka raba da uwa! Ni wannan bai taɓa yi mini daɗi ba, duk da son da nake wa littattafansa.

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1870, yana da shekara 58, ya bar wani littafi bai gama ba, aka binne shi a majami'ar Westminster. In 'yarki ta gama wannan, ta nemo David Copperfield. Akwai inda yaron yake wanke kwalabe yana liƙa musu takarda a wani sito a Landan. In kun iso wurin, ki ajiye keken ɗinkin ki saurara da kyau.