Amsa kan hayaƙin gishiri a tanderun tukwane

Malam, ka ce in ka watsa gishiri a tanderu don tukwane su yi sheƙi, farin hayaƙi na turnuƙe unguwa har maƙwabta na tari. Wannan hayaƙin ba na itace ba ne. Gishiri in ya haɗu da tururin ruwa a zafi mai tsanani, sodiyom ɗinsa ya narke da fuskar yumɓu ya zama gilashi, sauran kuma ya fita a matsayin asid. Shi ke yaji a ido da maƙogwaro, shi ke cin rufin kwano.

Zuba gishiri da wuri yana ƙara ɓarnar. Ƙasa da wajen digiri 1,200 na Celsius yumɓu bai kai ya karɓi gishiri sosai ba, gishirin zai bi bututu ne kawai. Jan yumɓunmu na tukunya da randa ma ba ya kai nan, narkewa zai yi, sai wanda aka haɗa da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara.

In zafi ya kai, kada ka juye gaba ɗaya. Zuba kaɗan-kaɗan, ka rage bakin bututun hayaƙi na minti 10 zuwa 15 don tururin ya zauna a kan kaya, sannan ka buɗe. Ka sa ƙananan zobban yumɓu kusa da ƙofar leƙe, kana zaro ɗaya da sandar ƙarfe bayan kowane zubi. Da sheƙi ya kama, tsaya. Tsohon tanderu bulonsa ya riga ya sha gishiri, bai buƙatar abin da sabo ke ci.

Amma in a cikin gari kake, gida jikin gida, shawarata ka koma soda ash, wato farar hodar sodiyom kabonet. Narka kilo 1 a ruwan zafi lita 4, ka fesa da abin feshi mai bakin ƙarfe, na roba narkewa yake. Ba ya fitar da wancan asid ɗin. Matsalarsa ba ya zagaya tanderu kamar gishiri, sai ka fesa ta ƙofofi daban-daban, in ba haka ba gefe ɗaya ba zai yi sheƙi ba. Kanwa danginsa ce, sai dai tana ɗauke da gishiri da yashi, a tace ta, a gwada tukuna.

Kuma ka guji asubahin hunturu, lokacin hayaƙi kwanciya yake a ƙasa. Takunkumin ƙura ba ya tare asid, nemi mai gwangwanin tace iska.