Ramin Wahba: Ana Iya Iyo a Tafkinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tauraro ne ya haƙa ramin Wahba, kuma ko za ku iya iyo idan kun zo daga Makka. Ba tauraro ba ne. Narkakken dutse ne ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fashe, ya bar rami mai zurfin kusan mita 250 a gefen Harrat Kishb, wani filin duwatsun aman wuta a Saudiyya. Tafkin da ke ƙasan ramin sai an yi ruwan sama yake taruwa. In ya ƙafe sai farin gishiri kamar kanwa. Iyo dai babu.

Ku je lokacin sanyi, da ruwan sha isasshe. Kada ku raina gangaren, duwatsun na zamewa, hawowa kuma ta fi sauka wuya. Ku tambayi jami'an wurin kafin kowa ya sauka.