Amsar tambayar Hajiya kan sunan O'Brien

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki, kin ce malamin ɗanki a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, sunansa O'Brien, kina tambaya ko O ɗin nan gajarta wani suna aka yi. A'a ƙanwata, ba gajartawa ba ce. A harshen mutanen Ailan, Ó jika ne, ko a ce zuriyar wane. Mac kuma ɗa. To O'Brien asalinsa Ó Briain, wato jikokin Brian.

Wane Brian? Brian Boru mana, wanda ya zama sarkin sarakunan Ailan. Mutumin Killaloe ne, bakin kogin Shannon, yankin Clare. An kashe shi a yaƙin Clontarf a 1014, nan gefen Dublin ɗin da kuke. Rundunarsa ce ta yi nasara, amma shi bai kwana duniya ba. Kuma shi kansa bai taɓa amsa O'Brien ba fa, na bayansa ne suka ɗauka. Sun riƙe sarautar Thomond, masarautarsu ta yankin Clare ɗin nan, har 1543, lokacin da Murrough O'Brien ya miƙa wuya ga Henry na 8, sarkin Ingila.

Au, na ce jikoki, bari in gyara, maza ke nan. 'Ya mace a harshensu Ní Bhriain ake ce mata.

To ɗan waƙafin saman nan na tsakanin O da B, shi ne inda abin ke min ciwo. A rubutunsu a kan O ɗin alamar take, ta jan wasali. Da aka juya sunayen zuwa Turanci sai ga ta a gefe. Da yawa ma sun yar da O ɗin gaba ɗaya zamanin mulkin Ingila, sai bayan 1893 da aka taso da farfaɗo da harshen suka riƙa maido da abinsu.

Ni kuwa bara na je wani ofis yin kati, kwamfuta ta ƙi sunan mahaifina saboda irin alamar nan ta su Sa'idu da Mu'azu. Yaron ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba a cire kawai." A cire? Sunan ubana? Haka ya cire. Yanzu takarda ɗaya da alama, ɗaya babu, sau uku banki na maido ni, da azumi a bakina, ina tsaye cikin rana. Har yau maganar ba ta...

Ke dai Hajiya, in yaron zai rubuta wa malaminsa takarda, ya sa masa alamar inda take, B ɗin kuma babba.