Kafin ka nemi digiri na biyu a tattalin arzikin ƙasa da ƙasa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka kammala digirin farko a tattalin arziki har ka gama bautar ƙasa, kana tambayar shirin da ya kamata ka yi kafin neman digiri na biyu a tattalin arzikin ƙasa da ƙasa da harkar kuɗi a Ingila.

Ka koma kan lissafi tun yanzu. Ni da na tafi, na ɗauka muhawara za mu riƙa yi kan Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya, wato IMF, sai ga shi makon farko kalkulas da aljabara aka tare mu da su, ikonometiriks (wato gwada ra'ayoyin tattalin arziki da alƙaluma) na biye, kuma da yake karatun shekara ɗaya ne rak, babu malamin da zai tsaya jiran wanda aka bari a baya. Sai da na shafe wata uku ina raba dare a laburare kafin na kamo 'yan ajinmu.

Ra'ayoyin kansu ba baƙi ba ne gare mu. Za a koya maka cewa ƙasa ba ta iya haɗa abu uku lokaci guda: tsayayyen farashin canji, barin jari ya shiga ya fita yadda ya so, da ikon tsara kuɗin ruwa da kanta. Nijar tana amfani da saifa da aka ɗaure da yuro a kan saifa 655.957 kowace yuro ɗaya, saboda haka darajar kuɗinta ba a hannunta take ba; Najeriya kuwa ta saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan canji a Wapa ta Kano ya san wannan a aikace, wataƙila ma ya fi ni. Abin da jami'a ke nema gare ka shi ne ka gwada shi da alƙaluma, shi ya sa nake ba ka shawarar ka koyi Stata ko R, manhajojin kwamfuta na nazarin alƙaluma, kana gwaji da bayanan da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa.

Batun kuɗin makaranta kuma, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening yana bukatar shekara biyu ta aiki, tare da sharaɗin ka dawo gida na shekara biyu bayan ka gama. Idan kuma burinka aikin masanin tattalin arziki ne a IMF, shirinsu na ɗaukar matasa digirin digirgir yake nema, don haka ka zaɓi kwas mai kundin bincike wanda zai buɗe maka wannan ƙofar.